Ƙure Ƙarar Wufa Ba Shi Ne Sauti Mai Daɗi Ba

Matasa da yawa da zarar sun haɗa sifikun kallon fim a ɗaki, abin da suke fara yi shi ne murɗa maɓallin wufa har ƙarshe. Taga na rawa, maƙwabta na ƙorafi, amma maganar 'yan wasa ta nutse, sai an yi ta mayar da fim baya. Sai a ce kaya jabu ne, alhali matsalar tana wajen haɗi da saiti.

Wufa ita ce ".1" ɗin da ke cikin tsarin 5.1, kuma aikinta ɗaya ne: fitar da kakkauran sauti irin na tsawa da fashewar bam. Yawanci tana da amfilifaya a cikinta, don haka wayar RCA guda ta isa, daga kafar "Sub Out" a bayan risiba zuwa kafar "LFE" ta wufar. Wadda ba ta da amfilifaya kuwa, wannan wayar ba za ta motsa ta ba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne iyakar rabon sauti. Kamfanin THX ya tsayar da ita a 80Hz: abin da ke ƙasa da haka na wufa ne, na sama kuma na sauran sifiku. Kafin wannan rabon ya yi aiki, sai an sanya sifikun a "Small" cikin saitin risiba. Nan girman kai ke shiga, domin wanda ya kashe kuɗi kan dogayen sifiku yana ganin raini ne a kira su ƙanana. Bai san sauke musu nauyi aka yi ba, har murya ta fito tas.

Wurin ajiya ma ya fi tsadar na'urar tasiri. Kusurwar ɗaki tana ƙara ƙarfin dukan, amma sau da yawa gunji kawai take bayarwa. Dabarar da ta fi ita ce a ɗora wufar a kujerar da ake zama, a kunna waƙa, a zagaya gefen bango a durƙushe. Inda sautin ya fi daidaita, nan za a ajiye ta. Abin dariya ne a ido, amma ba ya cin ko sisi.

Daga nan a gwada maɓallin "Phase" a 0 da 180, a bar shi inda dukan ya fi cika. Ƙara kuma a fara daga rabi. Idan mai kallo yana iya nuna inda wufar take idonsa a rufe, to a rage ta.