Agwagwar da Muka Raina da Katan ɗin da Ake Ɓoyewa

Maƙalar wannan makon a kan nama take, amma ba girki zan koya maku ba. Magana ce ta kasuwa, kuma na san wasu za su ce mene ne haɗin Bakatsine da daskararren naman agwagwa. Ku ɗan yi mani haƙuri, haɗin yana nan tafe.

A jerin kayan da hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su Najeriya, abu na farko shi ne tsuntsaye, masu rai ko yankakku, har da daskararrun kaji. A tsarin lambobin cinikin duniya naman tsuntsayen nan yana ƙarƙashin lamba 0207, kuma lambar ba kaza kaɗai ta ƙunsa ba. Akwai talotalo, akwai zabo, akwai agwagwa, da namansu da kayan cikinsu. Haramcin yana nan tun mulkin Obasanjo, sama da shekara ashirin ke nan. Tun da tsadar rayuwa ta tsananta nake jin mutane suna cewa a buɗe ƙofa kawai, a bar naman waje ya shigo talaka ya ɗanɗana. Ni ban yarda da haka ba. Amma kuma ban yarda da masu ganin haramcin kaɗai ya isa ba, don shekara ashirin ta ishe mu shaida.

Kafin a yi gardama a kan buɗewa ko rufewa, ya kamata a fahimci dalilin arahar naman nan, kuma agwagwa ce ta fi nuna dalilin a fili. Ƙasar Chaina ce ke samar da fiye da rabin naman agwagwa na duniya. A can, tsokar ƙirji ba ita ce sarauniya ba. Wuya, harshe, ƙafa, kai da hanji su ne ake rububi, ana dafa su da yaji ana sayarwa a shaguna kamar yadda muke sayen tsire. Birnin Wuhan ya yi suna a kan wuyan agwagwa, kuma kamfanoni irin su Juewei da Zhou Hei Ya da wannan sana'a suka zama manya. Gashin ma kuɗi ne, da shi ake cika rigunan sanyi da matasan kai. Idan mai mahauta ya maido kaso mai yawa na kuɗinsa daga wuya da harshe da gashi, zai iya sakin tsokar da araha bai yi asara ba.

A Turai lissafin ya juya. Bafaranshe hanta yake nema. Ana yi wa agwagwa ɗura da masara har hantarta ta kumbura ta yi kitse, a sayar da ita da tsadar da ta ninka ta sauran naman sau da yawa. Bajamushe kuma ƙirji da cinya yake so, musamman a ƙarshen shekara, shi ya sa Jamus take cikin manyan masu saye daga Hangari da Folan da Faransa. Fiffike da baya da wuya su ne ragowa, sai a daskarar da su a nemi inda za a kai. Haka ake yi da kaza, haka ake yi da talotalo. Ke nan tsuntsu ɗaya ake yankewa gunduwa-gunduwa, a aika kowace gunduwa ƙasar da ta fi daraja ta. Abin da ke isowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma galibi shi ne ɓangaren da an riga an ci ribar tsuntsun kafin a loda shi. Yaya za a yi matar da ke kiwon kaji ɗari biyu a bayan gidanta a Ƙofar Ƙaura ta yi gasa da wanda ragowa yake sayarwa?

Wannan ba hasashe ba ne, an gani a maƙwabta. Gana ta bar ƙofarta a buɗe, yau mafi yawan kajin da ake ci a can daga waje suke zuwa, masu gidajen gonarta da yawa sun koma ga ƙwai ko sun bar sana'ar. Senegal ta rufe a 2005, kiwon kajinta ya bunƙasa. Jamhuriyar Benin kuwa ta zama rumbun ajiya: ƙaramar ƙasa ta daɗe tana shigo da naman da ya fi ƙarfin cikinta nesa ba kusa ba, kowa ya san Najeriya ake nufi da shi. Attajirin nan Sébastien Ajavon, wanda ya zo na uku a zaɓen shugaban ƙasar Benin na 2016, da cinikin daskararrun kaji ya yi arziki, har ana kiransa sarkin kaji. Daga tashar Kwatano katan-katan suke bi ta Seme da Idiroko da hanyoyin daji, a bayan mota, a kan babur, a ƙarƙashin wasu kayan.

A nan ne matsalar tamu ta Arewa ta fi tsanani. Daskararren nama yana buƙatar sanyin digiri 18 ƙasa da sifili tun daga mahauta har zuwa hannun mai saye. Daga Kwatano zuwa Katsina, ko ta Legas aka biyo ko ta Gaya da Maraɗi, tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, cikin zafin da duk mun sani. Kayan da ake ɓoyewa ba ya tafiya a motar sanyi. Ya narke a hanya, a sake daskarar da shi, a ɗauke wuta ya sake narkewa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan irin wannan nama da sinadaran da ake zargin ana sa mashi don kada ya yi wari. Ga kuma tambayar da kowane magidanci a nan zai yi: wa ya yanka? Akwai ƙasashe kamar Birazil da ke fitar da kaji masu shaidar halal, amma katan ɗin da ya sauya hannu sau biyar a ɓoye, wa zai tsaya maka a kan abin da aka rubuta a jikinsa?

Ko da an halatta gobe, arahar da ake mafarki ba lallai ta zo ba. Da dala ake sayen kayan nan. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Babban Bankin Najeriya ya sa kaji cikin kaya 41 da ya hana wa dalar gwamnati a 2015, ya janye wannan takunkumin a Oktoban 2023, amma haramcin Kwastam bai motsa ba. Farashin can waje ma ba a tsaye yake ba. Murar tsuntsaye ta sa an hallaka miliyoyin tsuntsaye a Faransa tsakanin 2021 da 2022, naman agwagwa da hantarta suka yi ƙaranci suka yi tsada, har ƙasar ta fara yi wa agwaginta allurar rigakafi a Oktoban 2023. Wanda ya ɗora tukunyarsa a kan kwantena, ranar da cuta ta ɓulla a Turai shi ma sai ya ji a jikinsa. Mu mazauna bakin iyaka mun san wani abin kuma. An rufe iyakoki a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Hanyar da ake rufewa da sanarwa guda ba hanyar dogaro ba ce.

To amma a faɗi gaskiya, mai saye ne yake biyan kuɗin haramcin nan. An hana na waje shigowa, na gida kuma bai yi araha ba. Abincin kaji shi ke cinye kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kiwo, kuma abincin nan masara ce da waken suya. Yankin da ke ciyar da mu masara, Funtuwa da Bakori da Ɗandume da Faskari da Ƙanƙara, shi ne yankin da 'yan bindiga suka hana manoma da yawa sakat na tsawon shekaru. Ƙara da cire tallafin mai a Mayun 2023, da kuɗin wuta, da kuɗin ɗan tsako. Gidaje da yawa a garin nan sai da Sallah ko suna ake ganin kaza a tukunya. Kare mai kiwo daga kasuwar waje alhali an bar shi da masara mai tsada, tsugune ce ba ta ƙare ba. Duk mai goyon bayan haramci, kamar ni, dole ya amsa wannan.

Wani ɓangare na amsar yana yawo a bakin kwatamin unguwanninmu. Agwagwar gida da muke gani, mai jan fuska, asalinta daga Kudancin Amurka take. Ba ta da saurin girma irin na agwagwar Pekin ta gidajen gona, wadda ake yankawa a mako shida zuwa bakwai, kuma ƙwanta sai ya kwana 35 kafin ya ƙyanƙyashe, na kaza kuwa 21. Amma tana da abin da kazar gidan gona ba ta da shi. Tana kiwon kanta da ciyawa da ƙwari da dusa da ragowar abinci, tana jure cutar da ke share kajin gida a lokacin hunturu, uwa ce mai riƙon 'ya'ya, kuma toron agwagwa guda ya ninka zakaran gida nama. A lokacin da buhun abinci ne ke kashe sana'a, tsuntsun da ba ya dogara da buhu ba abin rainawa ba ne. Muna da madatsun ruwa a Zobe da Ajiwa da Jibiya da Sabke da Mairuwa, da ƙauyuka kewaye da su.

Na san abin da za a ce: ƙazama ce. Ni kuma na ce mu ne muka bar ta a kwata. Agwagwar da aka killace aka ba ta ruwa mai tsabta ba ta fi kaza ƙazanta ba, kazar da muke gani tana tonon bola muna ci ba gardama. Masu cewa naman yana da ƙarni ko tauri suna da gaskiya idan tsohon toro aka samu aka yi mashi dahuwar ɗan tsako. Ƙyamar al'ada ce, kuma al'adar ci tana sauyawa. Iyayenmu sun ga lokacin da ake ƙyamar kajin gidan gona ana cewa ba su da ɗanɗano, yau su ne a kan teburin kowane mai gasa kaji.

Akwai haɗari na gaske da ba zan ɓoye ba. Agwagi suna iya ɗaukar ƙwayar murar tsuntsaye ba tare da sun nuna alama sosai ba, su yaɗa wa kaji. Najeriya ce ƙasar farko a Afirka da aka tabbatar da nau'in H5N1, a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, a Fabrairun 2006, kuma cutar ta sha dawowa tun daga nan. Don haka ba kira nake a zuba agwagi cikin kaji a tsakar gida ɗaya ba. Sai an raba masu wuri, sai malaman dabbobi sun shigo ciki. Ba kuma cewa nake za mu fitar da naman agwagwa zuwa Jamus ba, wannan tatsuniya ce a yanzu.

Darasin da ya fi kusa da hannunmu shi ne na yanka gunduwa-gunduwa. Har yau mafi yawan cinikin tsuntsu a kasuwanninmu na mai rai ne: ka ɗaga, ka auna da hannu, ka taya, a yanka a fige maka. Wanda ba shi da kuɗin tsuntsu guda ya haƙura. Masu soya kaji sun daɗe da gane sirrin, suna sayar da cinya daban, ƙundu daban, kai da ƙafa daban, kuma ba sa kwantai. Abin da ya rage shi ne a yi haka da ɗanyen nama, a kan sikeli, cikin tsabta. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da sanyi mai ɗorewa. In da ni ake shawara da gwamnatin jiha ko ƙungiyar masu kiwon kaji, zan ce kafin a sake raba 'yan tsaki a taron tallafi, a fara kafa ƙananan wuraren yanka da firiza masu aiki da hasken rana a Babbar Kasuwar Katsina da kasuwannin Funtuwa da Daura, a ba 'yan kaji haya. Otal ya ɗauki ƙirji a farashinsa, mai tsire ya ɗauki ƙundu da hanta, uwar gida mai ɗan canji a hannu ta sayi fiffike da wuya ta sa a miyar kuka, na kaza ne ko na agwagwa, wanda aka yanka jiya a garinsu kuma ta san mahaucin.