Marubuci Ya Bi Yaro, Wa Ya Tsaya Da Uwar?

Akwai wata dabara da marubutan ƙagaggun labaranmu suka mayar tamkar gishiri a miya, wato ɓatar da yaro. Tun zamanin da Malam Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan nan suna Adabin Kasuwar Kano, har zuwa yau da ake rubuta su a waya ana rarrabawa ta WhatsApp, dabarar tana nan yadda take. A shafi na uku a sace jariri, ko ya ɓace a cunkoson hawan salla. Daga nan sai marubuci ya ɗauki alƙalaminsa ya bi yaro: wani attajiri marar haihuwa ya tsince shi, ya yi karatu har Ingila, ya dawo da mota, ya ga yarinya. Can a littafi na uku sai a ga wani tabo a kafaɗarsa, a rungume juna, a yi kuka, a sa ranar biki. Iyayen fa? An ajiye su tun shafi na huɗu kamar kayan da aka ba mai shago ajiya, sai ranar da aka bukace su a zo a karkaɗe musu ƙura.

Mu dai muna ganin wannan ha'inci ne, kuma ragwanci ne. Labarin yana gidan da aka bari, marubutan kuwa sun tsallake shi saboda ya fi wuyar rubutawa.

Ba baƙon abu muke nema ba. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna hanya a Shaihu Umar. An sace Umar yana ƙarami, amma marubucin bai manta da uwarsa ba. Ta bar gida ta bi sawunsa, ta ƙetare Sahara, aka bautar da ita, sai a Tarabulus ta sa shi a ido, ba ta daɗe ba ta rasu. Duk wanda ya karanta littafin nan a makaranta, in ka tambaye shi abin da ya tsaya masa a rai, da wuya bai ce uwar ba. Shekara 90 ke nan da ɗoriya, kuma maimakon a ɗora, sai aka koma baya.

To, wai ko abin rubutawa ne ya ƙare? A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka dawo da yara 9 daga Onica ta Jihar Anambra, waɗanda aka sace daga unguwanni irin su Sauna da Kawaji da 'Yankaba aka sayar. An sauya musu suna, an sauya musu addini, wasunsu Hausar ma ta kwance musu. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kuma a 2021 kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. A littafin kasuwa, ranar da aka dawo da yaran nan ita ce shafin ƙarshe. A gidajen iyayensu kuwa ranar aka buɗe sabon babi, domin uwa ce za ta kira ɗanta da sunan da aka raɗa masa ran suna, ya ƙi waiwayowa. Ga kuma sauran iyayen da suka yi ta zarya da hotuna a hannu, nasu ba sa cikin taran. A 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce mutanen da aka yi rajistar ɓatansu a Nijeriya sun haura 25,000, kusan 14,000 daga ciki yara ne.

Wannan na birni ke nan da wanda ya shiga rajista. Mu fita ta Wudil mu nufi gabas, ƙasar Gaya da Ajingi, inda yaro kan bar gida da yardar ubansa: almajiri a bi da shi birni ko gabas, yarinya a kai ta aikatau. A irin waɗannan gidaje ɓata ba ya zuwa da ihu. Damina ce za ta zo yaro bai dawo noma ba, a ce sai baɗi, malamin ya tashi daga inda aka san shi, a wayi gari ba wanda zai iya faɗin ranar da aka rasa shi. A ce marubuci ya zauna a wani gida a Kademi ko Toranke ya ƙi motsawa har littafi ya ƙare, me zai gani?

Zai ga gidan da ba a yi wa gaisuwar mutuwa ba. Babu jana'iza, babu zaman makoki, babu sadakar uku balle ta arba'in, sai jaje da "Allah ya bayyana", shi ma bayan wata biyu maƙwabta sun gaji. Zai ga uban da ya sayar da akuya ya kai cigiya gidan rediyo, ya bi gidan mai unguwa da ofishin 'yan sanda da na Hisba, ragowar kuɗin kuma mai duba ya cinye da cewa yaro yana yamma kusa da ruwa. Zai ga yadda ake kallon kishiya. Zai ga ƙanin da aka hana zuwa ko'ina, ya tashi a inuwar wan da bai sani ba. In kuwa yaron ɗan fari ne, ga uwa da alkunya ta hana ta kama sunansa tun ran da ta haife shi, yau kuma ita ce a tasha tana tambayar direbobi. Da wane baki za ta faɗi sunan? Wannan kaɗai ya isa babi guda, amma namu sun fi son lissafa mana kujerun falon Alhaji.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce mai karatu nishaɗi yake saye, ba baƙin ciki ba. Alhali kuwa littattafan nan cike suke da saki da duka da asirin kishiya, ba wanda ya ce sun hana ciniki. Wasu kuma za su fake da addini, su ce Musulmi tawakkali aka san shi da shi, tona ciwo ba kyau. Sai mu ce su koma Suratu Yusuf. Alƙur'ani bai bi Annabi Yusuf zuwa Masar ya bar mahaifinsa ba. Ya dawo da mu wurin Annabi Yakubu, ya nuna mana haƙurinsa, ya kuma nuna mana idanunsa da suka yi fari don baƙin ciki, da 'ya'yansa suna yi masa faɗa a kan ya cika ambaton wanda ya tafi.

Ko ta fuskar shari'a ma akwai abin da zai riƙe littafi. A mazhabar Malikiyya ba a ɗaukar wanda ya ɓata a matsayin mamaci game da dukiya sai ya kai shekarun da ba a zaton tsaransa na raye, malamai da yawa suka ce 70. Saboda haka in uban ya rasu aka zo rabon gado, sai a ware kason ɓataccen a ajiye. A Ajingi gado gona ce. Ga yanki nan an shata, ba mai ikon sayarwa, 'yan'uwa matsi ya kama su suna son kuɗi, uwa kuma ta san ranar da ta yarda aka taɓa yankin nan, ranar ta yarda ɗanta ya mutu. Duk damina sai a sake wannan magana a tsakar gida, wani lokaci har gaban alƙali a Gaya.