Taimin Bel Ba Ya Sallama

A Yasore da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, mota ta mace a hanya ba ƙaramin abu ba ne. Kowa ya san halin da ake ciki a bakin dajin Rugu. Wa zai so ya tsaya jiran makaniki da magariba? Amma duk da haka direbobinmu, masu Golf da 406 ɗin nan, ba sa canza taimin bel sai ya tsinke. Shi kuwa ba ya sallama. A injina da yawa, da ya tsinke fistin zai daki bawul, ƙaramin aiki ya koma sauke inji.

Ni a ganina mu ɗaliban injiniyarin ya kamata mu riƙa yi wa motocin gida wannan aiki lokacin hutu. Ba tsafi ba ne. Kiranshaf na juyawa sau 2, kamshaf sau 1, bel ɗin ne ke riƙe lissafin. Ka daidaita makin kafin ka cire tsohon, ka canza tenshina tare da shi, har da famfon ruwa in bel ɗin ke juya shi. Sannan ka juya injin da hannu zagaye biyu, ka sake duba makin kafin ka taɓa makulli. Haƙori ɗaya ya goce, motar ba za ta yi ƙarfi ba. Wanda bai taɓa yi ba, don Allah ya fara zama kusa da makaniki ya gani.

Kamfanoni da yawa sun ce a canza tsakanin kilomita 60,000 da 100,000. To amma motar Beljiyam, wa ya yarda da mitarta? Ranar da aka sayo ta a canza kawai.