Daga Zaman Jinya Zuwa Aikin Jinya: Giɓin da ke Tarihinmu

Duk wanda ya shiga Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi zai tarar da masu jinya iri biyu: malamar asibiti mai ba da magani, da 'yar'uwar majinyaci da ta shimfiɗa tabarma a gindin gado, tana ciyarwa tana wanki. Ta farko kaɗai littattafan tarihi suka sani. Sukan fara da Florence Nightingale, wadda ta yi jinyar sojoji a Yaƙin Kirimiya daga 1854, ta kafa makaranta a Asibitin St Thomas na Landan a 1860, sannan su gangaro kan dokar ungozomomi ta 1930 da ta rajistar ma'aikatan jinya ta 1947 a Nijeriya.

A ganina, wannan rabin labari ne. Sabon aikin ya iske tsohon tsari a ƙasar Kabi: zaman jinya, ungozoma, wanzami da maɗori. Yadda ɓangarorin suka zauna da juna, da yadda iyaye suka amince 'ya mace ta kwana a bakin aiki, duk yana kawunan tsofaffin malaman asibiti da ungozomomin Badariya da Argungu. Wajibi ne manazarta Hausa mu naɗi bayanansu tun suna raye, domin duk wadda ta kwanta dama ta tafi da nata babin.