Abin Da Makarantun Ƙasar Bici Za Su Koya Daga Jamaika

Jamaika wani ɗan tsibiri ne a tekun Karebiyan, wanda mutanensa ba su kai miliyan uku ba, watau ko sulusin jama'ar Jihar Kano ba su cika ba. Yawancinsu jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka don noman rake. Ingila ta ƙwace tsibirin daga hannun Sifen a 1655, bayin suka sami cikakken 'yanci a 1838, ƙasar kuma ta sami mulkin kai ran 6 ga Agusta, 1962.

Amma a fagen guje-guje ba mai raina ta. Arthur Wint ya ciwo mata lambar zinariya a wasannin Olamfik na Landan a 1948. Usain Bolt ya gama tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009. A wasannin Faris na 2024 Jamaika ta koma gida da lambobi shida, Nijeriya kuwa ta dawo hannu rabbana.

Asirin abin yana makaranta. Tun 1910 ake gasar guje-guje ta makarantun sakandare a tsibirin, jama'a kan yi dafifi zuwa kallo, malamai kuma su tsamo masu hazaƙa. Shi kansa Bolt ɗan ƙauye ne, daga Sherwood Content, kuma a makaranta aka gano gudunsa.

To, ƙasar Bici ba ta rasa irin waɗannan yara ba. Yaron da ya tashi da noma da langa da kokawa, ƙarfi da juriya ba baƙinsa ba ne. Sai dai a ƙasar da gona ke manne da gona, filin wasan makaranta shi ne abin da ido ke fara faɗawa kai in ana neman wurin shuka ko gini. In fili ya tafi, gasa ta tafi.

Saboda haka wajibi ne Ƙaramar Hukumar Bici ta shata iyakar filin kowace makaranta, ta rubuta, ta hana taɓa shi. Ma'aikatar Ilmi ta sa ranar gasa kowace shekara bayan kaka, daga gunduma har jiha. Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Bici kuma ta taimaka da horon malaman wasanni. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.