Mu Buɗe Wa Ɗaliban Aikin Jin Daɗin Jama'a Ƙofar Ikkilisiya

Kowace shekara manyan makarantun ƙasar nan suna yaye samari da 'yan mata waɗanda suka karanci aikin jin daɗin jama'a, watau sana'ar kula da marayu, da gwauraye, da naƙasassu, da yaran da suka faɗa hannun hukuma, da iyalan da zama ya ƙi musu daɗi. Da yawa daga cikinsu 'ya'yanmu ne. A majami'unmu aka yi musu baftisma, wasunsu ma ikkilisiya ce ta taimaka da kuɗin makarantarsu. Amma in ka tambayi dattawan ikkilisiya mene ne ainihin aikin waɗannan yara, da wuya ka sami wanda zai ba ka cikakkiyar amsa. Likita mun san shi, malamin makaranta mun san shi, lauya ma haka. Shi kuwa ma'aikacin jin daɗin jama'a, mun ɗauka mai raba shinkafa ne da bargo in an yi gobara.

Ra'ayina shi ne, ɗalibin wannan fanni ba zai iya aikinsa ba sai ya zauna cikin jama'a tun yana makaranta, kuma a Arewacin ƙasar nan ikkilisiya tana cikin wuraren da suka fi dacewa su ba shi wannan dama. Muna da mutane, muna da gine-gine, muna da ƙungiyoyi har ƙauyen da mota ba ta zuwa. Abin da ya rage shi ne mu buɗe ƙofa, mu kuma yarda da abin da zai biyo bayan buɗewar.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. A 1922 mishan ɗin SUM ta buɗe asibitin Vom. A 1929 mishan ɗin 'Yan'uwa, wadda ta haifi EYN, ta kafa wurin kula da masu ciwon kuturta a Garkiɗa, a zamanin da dangi ma sukan guje su. A 1943 SIM ta buɗe asibitin ido a Kano, a 1953 kuma aka kafa makarantar makafi ta Gindiri, inda yaran da aka ƙaddara bara ce makomarsu suka koyi karatu da sana'a. Gwamnati ta biyo baya da nata. An fara koyar da fannin a Jami'ar Nsukka a 1976, ana kuma koyar da shi a wurare irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Tarayya ta Lafiya. A ƙarshen 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da wannan sana'a, domin a san wanda ya cancanta a kira shi ma'aikacin jin daɗin jama'a. Watau sana'ar ta girma ta sami dokarta, mu kuwa da muka riga kowa farawa mun tsaya a kan rabon tsofaffin tufafi ranar Kirsimeti.

Ya ku 'yan'uwa cikin Almasihu, mu duba Ayyukan Manzanni sura 6. Ikkilisiyar farko a Urushalima tana raba abinci kowace rana, ba a ce ta yi rowa ba. Duk da haka gunaguni ya tashi, domin gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci ba sa samun rabonsu kamar sauran. Manzanni ba su ce wa masu ƙorafi su yi haƙuri su ƙara addu'a ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai waɗanda aka shaida halinsu, aka danƙa musu aikin, cikinsu har da Istifanas da Filibus. In ka lura, dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, irin na ɓangaren da aka tauye. A nan muna ganin bambancin sadaka da adalci. Sadaka takan tambayi nawa aka bayar. Adalci kuwa yakan tambayi wa aka tsallake, da dalilin da ya sa kullum shi ake tsallakewa. Haka Nehemiya ya yi a sura 5 ta littafinsa, sa'ad da talakawa suka yi kuka cewa bashi ya cinye gonakinsu da 'ya'yansu. Ya kira manyan gari a gaban jama'a, ya sa suka mayar da abin da suka karɓa. Irin wannan tambaya ce ake koya wa ɗalibin aikin jin daɗin jama'a ya riƙa yi.

Akwai misali daga Ingila wanda ya kamata malamai da fastoci su sani. A 1884 wani fasto na ikkilisiyar Angilikan, Samuel Barnett, tare da matarsa Henrietta, suka buɗe wani gida mai suna Toynbee Hall a Whitechapel, unguwar matalauta a gabashin Landan. Suka gayyaci matasan da suka yi karatu a jami'o'in Oxford da Cambridge su zo su zauna a unguwar, su zama maƙwabtan talakawa, su koyar da su, su kuma koya daga wurinsu. Cikin waɗanda suka yi aiki a gidan akwai William Beveridge, wanda rahotonsa na 1942 ya zama tushen tsarin tallafa wa marasa ƙarfi a ƙasar. Akwai kuma Clement Attlee, wanda ya zama firayim minista a 1945, gwamnatinsa ta kafa tsarin kiwon lafiya kyauta ga kowa a 1948. Wata Ba'amurkiya, Jane Addams, ta ziyarci gidan, ta koma ta buɗe irinsa a Chicago a 1889. Waɗannan mutane sun ga talauci da idonsu tun suna matasa, sun san sunayen masu fama da shi, shi ya sa da suka sami iko ba su manta ba. Gani ya kori ji.

To, yaya namu ɗaliban suke? Manhajar wannan fanni ta tanadi aikin gwaji, inda ake tura ɗalibi wata ma'aikata ya yi makonni yana koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararre. A takarda abin yana da kyau. Amma sau da yawa ɗalibi yakan ƙare a wani ofishi inda babu mota, babu kuɗin zuwa ƙauye, babu ma wanda ke da lokacin koya masa. Sai ya zauna a benci yana jiran la'asar, ranar ƙarshe a buga masa hatimi a littafinsa, ya koma makaranta ya ci jarrabawa. Ya haddace sunayen masanan Turai, amma bai taɓa zama a tabarma da gwauruwar da 'yan'uwan mijinta suka ƙwace mata gona ba. Irin wannan ne gobe za a ba shi ofis, a ce ya yanke shawara a kan rayuwar maraya.

A daidai wannan lokaci kuma aiki ya yi wa ikkilisiya yawa. Tun daga 2014, lokacin da aka sace 'yan matan Chibok, aka kuma mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi, majami'u da yawa sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Rikice-rikicen Filato, da Binuwai, da Kudancin Kaduna sun ƙara yawan gwauraye da marayu. Zumuntar Mata tana iyakar ƙoƙarinta, Allah ya sāka musu, amma mata masu zuciyar taimako ba su sami horon sanin yaron da tsoro ya taɓa masa hankali ba, balle sanin ofishin da za a kai ƙarar wanda ya ci zarafin yarinya. Ga masu horo suna zaman banza a benci, ga masu bukata sun cika harabar majami'a, an rasa mai haɗa su.

Me ɗalibi zai iya yi a ikkilisiya cikin wata uku? Zai iya bin gida gida tare da dattijo ko shugabar Zumuntar Mata, ya rubuta yawan gwauraye, da marayu, da naƙasassu, da yaran da suka bar makaranta, domin kwamitin taimako ya daina rabo bisa sanayya. Zai iya bayyana wa jama'a da harshensu dokokin da aka yi domin su. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda ta haramta wulaƙanta gwauruwa da sunan al'ada, zai kuma bincika yadda jiharmu ta karɓi kowace ɗaya. Akwai dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika, amma majami'u nawa ne cikin namu mai keken guragu zai shiga ba tare da an ɗauke shi kamar buhu ba? Har ila yau, ɗalibi zai iya raka masu ziyarar kurkuku. Mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Mu mukan je mu yi wa'azi, mu bar sabulu, mu tafi. Ɗalibin da aka horar zai tambayi sunan kotun, da ranar da aka tsare mutum, ya kai maganar ga Hukumar Ba da Taimakon Lauya Kyauta, wadda take nan tun 1976.

Na san wasu za su ce, mu da muke wannan hidima tun kakanninmu, yaro mai takardar difloma ne zai koya mana ƙauna? Ba ƙauna zai koya mana ba, tsari zai kawo. Ungozoma ma tana da ƙauna, amma ba mu ƙi asibitin Vom ba saboda haka. Wasu kuma za su ce wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, nauyinta ne, bai kuwa kamata mu sauke mata shi ba. Amma ikkilisiyar da ke riƙe da sunaye da lissafi a rubuce ita ce za ta iya tsayawa gaban shugaban ƙaramar hukuma ta nemi haƙƙin jama'arta, ya rasa ta cewa.

Sai dai buɗe ƙofar yana da sharuɗɗa, gara mu san su tun yanzu. Na farko, ɗalibi ya zo koyo ne, kada a mai da shi ɗan aiken fasto ko mai share majami'a. Dole a sami ƙwararre mai duba aikinsa, muna kuwa da irinsu cikin membobinmu, wasu suna aiki, wasu sun yi ritaya. Na biyu, sana'arsa ta ɗora masa riƙon asiri. Abin da mace ta gaya masa game da gidanta kada ya zama sanarwar roƙon addu'a ranar Lahadi. Na uku, wanda ya fi wuya, wata rana bincikensa zai kai ga gidan dattijo, ko mai ba da baiko mai tsoka. In muka rufe maganar don kare sunan ikkilisiya, mun koya wa yaron cewa adalci na talaka ne kaɗai, mun kuma ɓata sunan da muke cewa muna karewa. Na huɗu, unguwa ba ta Kirista kaɗai ba ce. Almajirin da ke kwana a bakin kasuwa da gwauruwa Musulma da ke maƙwabtaka da majami'a suna cikin aikinsa. Basamariyen da Ubangijinmu ya ba da misalinsa a Luka sura 10 bai tambayi addinin wanda ya tsinta a hanya ba. Ɗalibi Musulmi ma in makaranta ta turo shi, mu karɓe shi hannu bibbiyu, ba tare da matsa masa ba.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai, kada ku shigo da girman kai. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san gidan da ba a ɗora tukunya jiya ba, ku ba ku sani ba. Ku gaishe ta, ku zauna, ku saurara kafin ku buɗe littafi. Ku da ke cikin FCS da NIFES, ku sa wannan magana cikin shirinku na hutu, yadda kuke sa fita bishara.

Ina roƙon shugabannin TEKAN, da ECWA, da ɗarikar Katolika, da Angilikan, da Baftis, su rubuta wa makarantun da ke koyar da wannan fanni a jihohinsu, su ce a shirye muke mu karɓi ɗalibai. Kowace gunduma ta fara da biyu, ta ba su ɗaki, da abinci, da kuɗin mota, ta naɗa mai duba su. Makarantun tauhidi kamar TCNN Bukuru su ma su riƙa haɗa fastocin gobe da waɗannan ɗalibai, domin su saba aiki tare tun kafin su haɗu a fili. Kuɗin da za a kashe bai kai na taron godiya guda ɗaya ba.

Annabi Mika ya haɗa aikata gaskiya, da son jinƙai, da tawali'u a gaban Allah cikin aya ɗaya, sura 6 aya 8. Jinƙai mun daɗe muna yi. Allah ya ba mu ƙarfin zuciya mu haɗa da sauran biyun. Amin.