Haɗin gwiwar binciken ciwon daji: a auna har da mai riƙe da akala

A Amurka, mata baƙaƙe da farare kusan daidai suke kamuwa da sankarar mama, amma mace-macen baƙaƙen ya zarce na fararen da kusan kashi 40 cikin ɗari. Maza baƙaƙe kuwa, sankarar furostet, wato ƙwayar nan da ke ƙasan mafitsara, tana kashe su kusan ninki biyun yadda take kashe farare. Wannan giɓi ne ya sa Cibiyar Ciwon Daji ta Ƙasa, NCI, ta buɗe sashe na musamman a 2001, ta kuma shiga ƙulla zumunci tsakanin manyan cibiyoyin daji da ƙananan makarantun da ke koyar da baƙaƙe da sauran tsiraru. Kwalejin likitanci ta Meharry ta haɗu da Jami'ar Vanderbilt a Nashville. Morehouse da Tuskegee suka haɗu da Jami'ar Alabama da ke Birmingham. Sunan Tuskegee kaɗai ya isa ya nuna nauyin aikin, domin a can ne hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan maza baƙaƙe da tunjere ba magani, daga 1932 zuwa 1972, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. Wanda aka yi wa kakansa haka, ba da takarda ɗaya ake shawo kansa ya ba da jini ba.

Da aka zuba kuɗi, sai aka nemi sanin ko zumuncin ya kama. Masana suka ɗauko dabarar auna alaƙa: a tara maƙalun da aka wallafa da takardun neman tallafi, a tambayi masu bincike da wa suka yi aiki. Kowane mutum ɗigo ne, kowane aikin tarayya zare ne da ke haɗa ɗigo biyu. Da an zana taswirar, za a ga wanda ke tsakiya da wanda ke raɓe a gefe, a ga kuma mutum ɗaya tilo da in ya yi ritaya ɓangarori biyu za su daina jin ɗuriyar juna.

Muna ganin wannan dabara tana da amfani, kuma ta fi jawabin taro gaskiya. Amma tana ƙidaya abin da ke da sauƙin ƙidayawa ne. Zare ba ya faɗin wanda ya tsara tambayar binciken, ko a asusun wace jami'a kuɗin ya sauka. Likitan da aikinsa tara jini da tsoka ne, aka cusa sunansa a tsakiyar marubuta talatin, zarensa a taswira daidai yake da na shugaban aikin. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Nas-nas da ma'aikatan lafiya na unguwa da suka bi gida-gida suka kawo mata gwaji kuwa, yawanci ko ɗigo ba su da shi.

Tarihi ya nuna wannan tun da daɗewa. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda. Aka riƙa aika tsokar yaran Landan, inda a 1964 Epstein da Barr da Achong suka gano ƙwayar cutar da ke da hannu a ciki. A ma'aunin ilimi, wannan haɗin gwiwa ya yi babbar nasara. Sai dai har yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa fiye da kashi 80 na yaran da ke da ciwon daji a ƙasashe masu arziki suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, don zaren wannan taswira ya ƙetaro teku. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta daɗe tana binciken sankarar mama tare da likitocin Ibadan, asibitin Memorial Sloan Kettering na New York kuma yana aiki da Ile-Ife a kan sankarar hanji. Ayyuka ne masu kyau, ba ma yi musu hassada. Tambayarmu ita ce ina Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suke a wannan zane, kuma wa ke bin sawun sankarar mafitsara da tsargiya ke haddasa wa masunta da manoman rani, ko sankarar hanta da ke biyo bayan ciwon hanta nau'in B. Ƙiyasin 2022 ya nuna Nijeriya ta samu sababbin masu ciwon daji kusan 128,000, kusan 80,000 suka rasu, kuma ƙiyasi ne da aka gina a kan rajistar wasu birane ƙalilan.

Saboda haka muna kira ga NICRAT, cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa da dokar 2017 ta kafa, da ta zana wa Nijeriya irin wannan taswira ta fitar da ita fili. Kada ta tsaya ga yawan maƙalu. A nuna wa ke jagorantar kowane aiki, ina aka ajiye jini da tsokar da aka ɗiba, ɗalibai nawa aka horar, kuma ko majinyatan yankin sun fara zuwa asibiti kafin ciwon ya ci ƙarfinsu. Taswirar za ta kuma amsa tambayar da ta fi yi mana ɗaci: shin asibitocin koyarwa na Arewa suna aiki da junansu, ko kowanne ya juya wa maƙwabcinsa baya yana jiran baƙo daga Turai? In amsar ta fito yadda muke zato, TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, na iya ware wani kaso na tallafin bincikenta ga ayyukan da asibitoci biyu ko uku na yankin suka nema tare, da sharaɗin cewa rajistar masu ciwon daji tana cikin aikin.